Maganin yara kyauta a arewacin Kamaru: tambayoyin da iyaye suke yi kan shirin CSU

Na yi shekaru ina zama a kwamitin lafiya na unguwarmu a Garwa, wanda a takarda ake kira COSA. Ni ba likita ba ne, ba kuma ma'aikacin gwamnati ba. Ɗan kasuwa ne da mutanen unguwa suka tura ya riƙa zama da malaman asibiti, ya kai kuka ya kawo amsa. Tun da aka fara maganar CSU, da wuya in fito daga masallaci ko in zauna a rumfa ba a tare ni da tambaya ba. Waɗanda suka fi maimaituwa ne na tara a nan.

Wai mece ce CSU ɗin nan da ake ta faɗa a rediyo?

Taƙaitawar sunan Faransanci ce, Couverture Santé Universelle, wato tsarin da zai sa kowane ɗan ƙasa ya samu kulawar asibiti ba tare da kuɗin magani ya durƙusar da gidansa ba. Shugaba Paul Biya ya ambace shi a jawabinsa na ƙarshen shekarar 2017, aka yi ta taruka da nazari, sai ranar 12 ga Afrilu 2023 ministan lafiya Dokta Manaouda Malachie ya ƙaddamar da kashi na farko a Mandjou, kusa da Bertoua a jihar Gabas.

Ku riƙe wannan kalma, "kashi na farko". Yawancin rigimar da nake rabawa a bakin asibiti daga mantawa da ita take tasowa. Sunan ya ce kowa da kowa, amma abin da aka fara da shi mutane ne ƙididdigaggu: yara 'yan ƙasa da shekara 5, mata masu ciki da jariransu, masu wankin ƙoda, da masu ɗauke da ƙanjamau ko tarin fuka ko makantar rafi.

Inshora ce kamar ta mota, ko tallafi ne?

Inshora ta ainihi kamar adashi take: kowa ya zuba lokacin da yake lafiya, wanda ciwo ya kama a cire masa daga asusu. A ɓangaren yara babu wanda ya ce uba ya zuba ko dala. Gwamnati ce ta yi alkawarin biyan asibiti a madadinsa. Saboda haka a yanzu abin ya fi kama da tallafi mai kati, ko da yake burin shi ne wata rana a kai ga asusun da masu hali za su zuba a ɗauke wa marasa hali.

Wannan buri kuwa yana da wahala a ƙasa irin tamu. Ma'aikaci mai albashi ana iya yanke masa a ƙarshen wata. To mai moto fa, da mai sayar da ƙosai, da manomin auduga da sau ɗaya kuɗi ke shigo masa a shekara, da Bafulatanin da yau yana Pitowa gobe yana bakin Lagdo? Su ne mafi yawan jama'a. Hatta CNPS, asusun kula da ma'aikata na ƙasa da masu albashi suka sani, fansho da kuɗin iyali da haɗarin wurin aiki take kula da su, ba ta biya wa mutum magani idan ɗansa ya kwanta. Shi ya sa a Kamaru kusan kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fitowa kai tsaye, a ranar da ciwo ya zo.

To a taƙaice, me ɗana zai samu kyauta?

Idan bai cika shekara 5 ba, kuma asibitin gwamnati kuka je: ganin malamin asibiti ko likita, babu kuɗin tikiti. Gwajin zazzaɓin cizon sauro, wanda ake tsaga yatsa a ɗiga jini a kan ɗan faifai. Idan gwaji ya nuna akwai, maganin ma kyauta ne, ko ƙwayoyin sha na kwana uku, ko allurar artesunate idan ciwon ya yi tsanani. Sai alluran rigakafi gaba ɗaya, da bitamin A, da maganin tsutsar ciki a lokacin kamfen, da abincin nan na gyaɗa mai leda da ake ba yaron da tamowa ta kama.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne yawancin waɗannan sun girmi CSU. Maganin zazzaɓin cizon sauro marar tsanani ya zama kyauta ga ƙananan yara tun 2011, mai tsanani kuma tun 2014. Rigakafi dama can ba a biya. Sabon abin da 2023 ta kawo wa yara shi ne soke kuɗin ganin likita da kuma haɗa komai a inuwa ɗaya da rajista.

An ce kyauta ne, amma jiya sai da na biya. Cutata aka yi?

Wataƙila, wataƙila kuma a'a. Sai an ga takarda.

A daminar bara wata dattijuwa maƙwabciyata ta same ni a zaure da jikarta goye a baya, ta miƙo mini rasit kamar mai kawo ƙara gaban alƙali.

"Alhaji, ba kai ka tara mu ka ce an daina biya ba? Jaka uku da ɗari biyu suka karɓa."

"Goggo, zauna tukuna mu duba. Sun tsaga mata yatsa?"

"Sun tsaga. Wai ba na sauro ba ne."

Na duba. A gurbin ganin malami an rubuta sifiri, a gurbin gwaji ma sifiri. Abin da ta biya ruwan amoxicilline ne da farasitamol, domin ciwon haƙarƙari ne ya kama yarinyar, tana numfashi da sauri kamar ta yi gudu. Na ce mata ba a cuce ta ba: an duba yarinyar kyauta, amma maganin ciwon haƙarƙari ba ya cikin jerin abin da aka yafe. Ta yi shiru, can ta ce, "To ashe sai yaro ya zaɓi ciwon da zai yi." Ban samu abin da zan ce mata ba, don gaskiya ta faɗa. Ciwon haƙarƙari da gudawa suna cikin manyan masu kashe yara a wannan yanki, kafaɗa da kafaɗa da zazzaɓin sauro, amma uwa za ta iya fita daga ɗakin duba marasa lafiya ba ta biya komai ba, ta je tagar farmasi ta tsaya da takarda a hannu babu kuɗi. Haka ma wanda aka kwantar: allurar zazzaɓin kyauta ce, amma galibi kuɗin gado, da wasu gwaje-gwajen jini, da ledar ƙarin jini idan jinin yaro ya ƙone, suna komawa kan uba.

Akwai kuma cuta ta gaske. Na taɓa raka wani ƙanena wani asibiti da ba zan ambata ba, aka ce ya kawo "na safar hannu" da "na buɗe fayil", aka karɓa a tsaye a baranda babu rasit. Alamar da nake ba mutane guda ɗaya ce: kuɗin halas a taga ake biyansa, kuma yana da takarda mai hatimi. Wanda aka karɓa a lungu, ko aka ce maka maganin ya ƙare amma "akwai nawa a jaka", wannan ba na asibiti ba ne.

Me ya sa kullum ake ce mana magani ya ƙare, mu je waje mu saya?

Wannan ita ce uwar tambayoyin, kuma sai mun ɗan koma baya.

A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince a Bamako cewa ƙananan asibitoci su riƙa karɓar ɗan kuɗi daga marasa lafiya, su sayar da magani da 'yar riba, su juya kuɗin su sake sayo wani. Kamaru ta ɗauki wannan hanya a farkon shekarun 1990, lokacin da tattalin arziki ya karye, aka zaftare albashi a 1993, darajar sefa ta faɗi da rabi a Janairun 1994. Tun daga nan ƙaramin asibitin unguwa ko na ƙauye, wanda ake kira CSI, yake rayuwa kamar kanti. Da kuɗin tikiti da ribar magani yake biyan mai gadi, da mai shara, da malaman da ba gwamnati ta ɗauka ba, da man moto na zuwa rigakafi ƙauyuka. A yankinmu kuwa yara ƙanana su ne mafi yawan masu zuwa.

Yanzu an ce wa wannan kanti kada ya karɓi kuɗi daga manyan masu cinikinsa, gwamnati za ta biya daga baya. Malami zai duba yaro, ya cika takarda, ya shigar da sunansa a na'ura, a ƙarshen wata a haɗa lissafi a tura, masu tantancewa su duba, sannan a jira Baitulmali. Idan kuɗin suka zo a kan kari, shirin ya yi kyau. Idan suka yi wata da watanni a hanya, kuma hakan na faruwa, shugaban asibiti zai wayi gari ba shi da abin biyan bashin magani. Maganin kansa daga CENAME, babban rumbun magani na ƙasa, yake tasowa a Yawunde, ya sauka a rumbun asusun lafiya na jiha a Ngaundere ko Garwa ko Marwa, daga nan ya bi hanya zuwa gundumomi. Ko'ina a wannan sarƙa aka samu tsaiko, a kan kantar ƙauye yake bayyana. Na sha zama a taron kwamiti ina kallon mai kula da farmasi yana buɗe mana kabad: kwalaye a jere, rabinsu iska ce a ciki.

Ba mu ne farkon shiga wannan rami ba. Nijar ta yafe wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 kuɗin asibiti tun 2006, iyaye suka yi tururuwa, amma bashin da gwamnati ta kasa biyan asibitoci ya taru har ya gurgunta su. Burkina Faso da ta fara nata a 2016 sai ta zaɓi ta riƙa tura wa asibitoci kuɗin tun kafin a yi aikin. A ganina a nan ne CSU za ta tsaya ko ta faɗi. Yawan katunan da aka raba ba shi ne ma'auni ba. A tambayi shugaban CSI yaushe rabonsa da ganin kuɗin watan jiya.

Dole sai yaro yana da kati? Mu kuma ba mu yi masa akte, wato takardar haihuwa, ba.

Rajista kyauta ce, kuma a asibitin gwamnati ake yi ko wajen ma'aikatan da ke zagayawa da waya. Duk wanda ya nemi kuɗin kati, ka tambaye shi rasit ka ga yadda fuskarsa za ta canza. Ka je da duk takardar da kake da ita: akte idan akwai, karnen rigakafi, katin shaidar uwa ko uba. Kada kuma rashin takarda ya sa ka zauna da yaro mai zazzaɓi a gida. A fara kai shi, maganar rajista ta biyo baya.

Amma akten a yi shi. Takardar haihuwa ita ce ke nuna yaro bai kai biyar ba idan an yi gardama, kuma a jihohin arewa yara masu yawa ba su da ita. Idan aka yi a kan lokaci a meri, wato ofishin magajin gari, abu ne mai sauƙi. Idan aka bari wa'adi ya wuce, sai an bi ta kotu an karɓo hukuncin da ake kira jugement supplétif, da kuɗi da zirga-zirga. Yawancinmu ba ma tunawa sai yaro ya kai aji shida an ce ba zai zauna jarrabawar CEP ba.

Ranar da ya cika shekara 5 fa?

Ya fita. Daga ranar ya koma biyan tikiti da magani kamar babba. An zaɓi wannan iyaka ne saboda a nan mutuwa ta fi yawa: binciken ƙasa na 2018 ya nuna a cikin yara 1,000 da aka haifa, kimanin 80 ba sa kaiwa shekara 5, kuma jihohin arewa sun haura wannan adadi. Dalilin ya kamu. Sai dai sauro bai san akte ba, ɗan shekara bakwai ma yana kwanciya. Ghana, wadda ta kafa nata tsarin inshora a 2003, ta yafe wa yara kuɗin zubi har zuwa shekara 18. Mu ba mu kai can ba.

Matata na da ciki. Shek sante ɗin da ake sayarwa jaka shida yana rufe jariri?

Yana rufewa, kuma a duk cikin shirin shi ne abin da nake ba mutane shawara a kai ba tare da na yi in-ina ba. Shi ma ya girmi CSU: a jihohin Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa aka fara shi shekaru kafin 2023, da tallafin Faransa da Jamus, sannan aka shigar da shi cikin sabon tsarin. Da sefa 6,000 mace za ta samu awon ciki, da hoton eko, da haihuwa, da tiyata idan haihuwar ta gagara, da kulawa ita da jaririnta har kwana 42 bayan haihuwa. Wanda ya taɓa biyan kuɗin sezariyan daga aljihunsa, ya sayar da sa ko ya jinginar da gona, shi ya san darajar wannan takarda.

Kwana 42 ɗin nan sun yi daidai da arba'in ɗinmu, lokacin da mai jego take ɗaka tana wanka, ba a son ta fita. A kwanakin ne kuma jariri ya fi rauni. Idan ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko cibiya ta yi ja tana wari, ko idonsa ya yi rawaya, kada a jira suna, kada a jira arba'in. An riga an biya. Kuma a sayi shek ɗin tun ciki yana ƙarami, a asibitin da aka amince wa karɓarsa. Na ga magidanta da yawa da suke zuwa neman shek ranar da naƙuda ta tashi.

Ƙwayoyin da ake bi gida-gida ana ba yara da damina, da sabuwar allurar rigakafin zazzaɓin sauro, abu ɗaya ne?

Daban suke, kuma ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya.

Ƙwayoyin damina, waɗanda ma'aikata ke kira CPS, an fara raba su a jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa a 2016, saboda a nan zazzaɓin sauro na da lokaci: yana tashi da ruwa, ya yi ƙamari daga Agusta zuwa Oktoba. Ana ba yara daga wata 3 zuwa wata 59, sau ɗaya kowane wata. Ranar farko ma'aikaci ne zai ba yaro a gabansa, ya bar wa uwa na rana ta biyu da ta uku. A nan ake samun ɓaraka. Uwa ta ga yaro ya yi amai ko ya ɗan yi laushi, sai ta soke sauran a jikin danga. Wata kuma ta ajiye wai sai ranar da zazzaɓi ya zo. Kwana ukun ne ke ba da kariya ta wata guda. Wanda ya sha na rana ɗaya bai samu cikakkiyar kariyar ba.

Allurar kuwa, Kamaru ce ƙasa ta farko a duniya da ta shigar da ita cikin rigakafin yau da kullum, ranar 22 ga Janairu 2024, aka fara da gundumomin lafiya 42. Sau huɗu ake yi: a wata 6, da 7, da 9, da 24. Tana rage yawan kamuwa da tsananin ciwon, ba ta kore shi gaba ɗaya, don haka gidan sauro yana nan daram. Ta huɗun ce ake yawan mantawa, saboda mun saba cewa daga allurar ƙyanda an gama.

Asibitin mishan ko na kuɗi ma kyauta ne?

Kada ka ɗauka haka. Wasu asibitocin mishan suna karɓar shek sante, kuma da yawansu suna yin rigakafi kyauta, amma tikiti da magani a wurinsu galibi ana biya. Ka tambaya a taga kafin a buɗe fayil.

Mu a ƙauye muke, asibiti ya yi mana nisa. Me wannan shiri ya ƙara mana?

Kaɗan, in za a faɗi gaskiya. An yafe tikitin ɗari biyar ko jaka guda, amma mai moto zai karɓi ninkin wannan kafin ya kai ka, balle cikin dare, balle idan rafi ya kawo ruwa ya raba ku da hanya. A ambaliyar 2024 gada ta karye a Yagwa, ƙauyuka da dama a Mayo Danay da Logone da Shari sai da kwalekwale ake isa gare su, kuma a daidai watannin da zazzaɓi ke kan ganiyarsa. A Mayo Sava da Mayo Tsanaga akwai asibitocin da rikicin Boko Haram ya sa aka rufe ko ma'aikata suka gudu. Ga wanda ke can, kati ba ya rage ko taku ɗaya.

Abin da ya fi kusa da ku shi ne ma'aikacin lafiya na ƙauye, wanda ake kira ASC. Ɗan garinku ne da aka horar, yana da jakar gwaji, yana iya ba da maganin zazzaɓi marar tsanani, da gishirin gudawa da zink, yana kuma auna damtsen yaro da ɗan zaren nan mai launi uku. Idan ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11 da rabi ke nan, tamowa ta yi tsanani. Ku san gidansa. Ku kuma sani cewa shi ma sau da yawa ɗan alawus ɗinsa yana makara, jakarsa tana zama wayam.

Ƙarancin ma'aikata ma yana nan. Ana tura malami daga kudu, ya yi wata uku ya nemi canji. A jawabin ƙarshen 2024 shugaban ƙasa ya sanar da ɗaukar ma'aikatan lafiya 9,944. Mu a nan abin da muke jira mu gani shi ne nawa daga ciki za su kwana a Makari ko Tchollire.

Daga ina gwamnati take samo kuɗin? Zai ɗore kuwa?

Wani ɓangare daga kasafin ƙasa, wani daga waje. A Abuja a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu. Rabon ma'aikatar lafiya ta Kamaru a shekarun nan bai kai kashi 5 ba. Alluran rigakafi Gavi, ƙawancen duniya mai tallafa wa rigakafi, ce ke ɗaukar kaso mai tsoka, gidajen sauro da magungunan ƙanjamau da tarin fuka akwai hannun Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin sauro, yaƙi da zazzaɓin sauro a Arewa da Arewa Mai Nisa kuwa shirin Amurka na yaƙi da wannan ciwo, PMI, ya riƙe shi tun da aka shigar da Kamaru a 2017. Da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a Janairun 2025, a jakunkunan ma'aikatan ƙauye aka fara jin jiki. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Ban ce shirin zai mutu ba. Mai wankin ƙoda da a da yake biyan 5,000 kowane zama, yanzu 15,000 yake biya a shekara, ba za ka gaya masa ba a yi komai ba. Amma muddin kuɗin yara bai samu gurbi tabbatacce a kasafin ƙasa ba, wanda ake saki a kan kari, kowace shekara da fargaba za mu shiga damina.

Iyalina suna Njamena, ni ina Kuseri. Katin yana aiki a can?

A'a. Gadar Ngeli tana haɗa kasuwa da zumunci, ba ta haɗa asusun lafiya. Chadi tana da nata tsarin: ta yi dokar CSU a 2019, mai rassa uku, na ma'aikata, da na masu sana'ar kansu, da na marasa galihu da gwamnati za ta biya wa. Tun kafin nan ma ta ayyana kulawa kyauta ga ƙananan yara da masu ciki, kuma iyayen can suna kukan da muke yi, a rubuta maka takarda ka je waje ka saya. Shi ya sa masu tallan magani, waɗanda 'yan Njamena ke kira dokto cuku, ba sa rasa ciniki.

Tunda haka ne, ba gara in sayi magani wajen mai tebur in huta ba?

Na fahimci lissafin. Mai tebur yana bakin layi, yana sayar da ƙwaya biyu idan kuɗinka na biyu ne, yana ba da bashi, ba ya yi maka tsawa da Faransanci. Amma ba ya gwaji. Zazzaɓin sauro da ciwon haƙarƙari da sanƙarau duk da zafin jiki suke farawa, shi kuwa abu ɗaya zai ba ka. Maganin nasa ya sha rana a faranti, wani ma alli ne aka matse. Kwana uku da aka ɓata a wurinsa su ne ke mayar da ciwon da za a warkar kyauta ya zama na gado da ƙarin jini, wato daidai abin da CSU ba ta cika ɗauka ba.

Akwai alamun da ba a kai su wajen mai tebur, ba a kai su wajen wanzami ya cire beli, ba a jira gari ya waye: jijjiga, yaro ya kasa sha ko kama nono, ya amayar da duk abin da aka ba shi, ya yi laushi ba ya farkawa sosai, tafin hannunsa ya yi fari fat, ko ƙirjinsa yana lotsawa idan yana numfashi. Tofi da addu'a a yi su a kan hanya.

Idan an karɓi kuɗin da bai kamata ba, wa zan kai wa kuka?

Ka fara da shugaban asibitin, da rasit a hannu, cikin natsuwa, bayan an gama duba yaron. Idan bai saurare ka ba, ka nemi ɗan kwamitin lafiya na unguwarku. Jauro ko lawan, wato mai unguwa, ya san shi. Sama da nan akwai shugaban gundumar lafiya, sama da shi akwai wakilin ma'aikatar lafiya na jiha. Ka riƙe rana, da abin da aka ce ka biya, da nawa ne. Ƙorafin da ya zo da rana da adadi ana rubuta shi a littafin taro. Wanda ya zo da "kullum haka suke yi" a baki yake ƙarewa.

Mata sun fi mu sanin abin da ke faruwa a tagar nan, su ne ke zuwa da yara, amma da yawansu suna tsoron kada a gane su a wulaƙanta su ran da suka dawo haihuwa. A unguwarmu mun roƙi malamar Islamiyya ta riƙa karɓar rasit ɗin a hannunsu, ta kawo mana ranar taron wata, mu karanta adadin ba tare da suna ba.